Kalmomin Turanci Masu Nuna Kimanin Adadi

Sanarwar gwamnati da jaridu da labaran rediyo na Turanci cike suke da ƙididdiga. Sau da yawa ba a faɗin adadi daidai wa daida, sai a sa wata 'yar kalma a gabansa. Wanda bai kula da ita ba yana iya ɗaukar ƙiyasi a matsayin alkawari, daga nan kuwa jita-jita take tashi.

"About", "roughly" da "approximately" ma'anarsu kimanin, watau adadin yana iya hawa ko sauka kaɗan. "Nearly" da "almost" suna nufin kusan, bai dai cika ba. "Just over" kuwa ya ɗara da ɗan kaɗan. Alal misali, ƙidayar jama'a ta 2006 ta sami mutum 140,431,790 a Nijeriya. Daidai ne a ce "just over 140 million", amma wanda ya ce "nearly 140 million" ya yi kuskure.

Wajen kasafi, "a half" rabi ne, "a third" sulusi, "a quarter" rubu'i. Jihohin Arewa 19 daga cikin jihohi 36 na ƙasar nan "just over half" ke nan. "Most" akasari ne, ba duka ba.

Akwai kuma kalmomi masu yanka iyaka. Idan sanarwa ta ce za a ba manomi rance "up to" naira 100,000, wannan ita ce iyakar abin da zai samu, yana kuwa iya samun ƙasa da haka. "At least" kuma aƙalla ne, ba a sauka ƙasa da shi.

Waɗannan kalmomi ba abin wasa ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, doka ta bukaci ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a "at least two-thirds" na jihohi, watau aƙalla sulusi biyu. Jihohi 19 ne a lokacin, sulusinsu biyu kuwa 12 ne da ɓurɓushi. Alhaji Shehu Shagari ya cika rubu'i a jihohi 12, Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen a watan Satumba na shekarar.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya duba kalmar da ke gaban adadi kafin ya yaɗa labari ko ya sa hannu a takarda. Wanda abin ya shige wa duhu ya tuntuɓi jami'in yaɗa labarai na yankinsa, domin mai tambaya ba ya ɓata.