Kafin Naƙuda Ta Tashi, a Raba wa Kowa Aikinsa

Ungozomar asibiti na ganin mai ciki ne na ɗan lokaci ranar awo. Sauran kwanakin wata tara kuwa, waɗanda ke tare da ita su ne mijinta, uwar mijinta, abokiyar zamanta da maƙwabta. Su ke fara ganin ƙafa ta kumbura, su ke jin ta ce kanta na sarawa cikin dare, su ne kuma ke yanke shawarar a tafi likita yanzu ko a bari gari ya waye. Ashe iyali sun riga sun shiga aikin kula da mai ciki. Abin da ya rage shi ne a koya musu shi, kowa ya san nasa, ya kuma san inda ya tsaya.

A shekarar 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu na farko a gida da kan hanya suke faruwa, inda babu likita. Garin Tirmini, alal misali, na bakin kwaltar da ta taso daga Zinder zuwa Takeita, amma ƙauyukanta da yawa sai an ratsa rairayi kafin a hau kwaltar, ga damina in ta sauka. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mata 535 ke rasuwa a Nijar cikin kowace haihuwa dubu ɗari. Mafi yawan abin da ke kashe su, wato zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda da zazzaɓin bayan haihuwa, yana da magani in an zo da wuri.

Mu mutanen Damagaram ba baƙin wannan tunani ba ne. A jiharmu aka fara makarantar mazaje a 2008, da makarantu 11 a yankunan Magarya da Matamaye, bisa haɗin gwiwar Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar SongES, bayan wani bincike ya nuna izinin miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa asibiti. Magidanta kan zauna sau biyu a wata tare da ma'aikatan lafiya, su tattauna matsalar garinsu, su fita su yi wa 'yan'uwansu maza bayani. Tsarin ya bazu cikin ƙasa, har ƙasashen maƙwabta suka ɗauka. Abin da nake ba da shawara a nan shi ne kowane gida ya buɗe irin wannan makaranta a tsakar gidansa.

A zaɓi mai rakiya tun da wuri

Da zarar ciki ya tabbata, mai shi ta zaɓi mace ɗaya da ta yarda da ita: uwa, ya, goggo, ko uwar miji in suna jituwa. Zaɓin nata ne, domin wadda take jin nauyinta ba za ta iya gaya mata ta ga jini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mace ta kasance da wanda ta zaɓa a gefenta duk tsawon naƙuda, saboda an ga hakan na kwantar da hankali, yana kuma sauƙaƙa haihuwa. Mai rakiyar nan ta riƙa bin ta awo, aƙalla zuwan farko da na wata takwas. Duk abin da aka faɗa kunne huɗu ya ji. Kafin a tashi, ɗayansu ta maimaita wa ungozoma abin da ta fahimta: «Kin ce wannan ƙwayar kullum ɗaya bayan abinci, mu dawo ranar kaza, haka ne?» In an yi kuskure, nan take za a gyara.

Aikin mai ciki

'Yar'uwa, ke ce kan gaba a wannan ayari, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki fara awo kafin ciki ya cika wata uku. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da yawan ganawa da ma'aikaci zuwa takwas, domin hawan jini kan ɓoye har sai an auna. Ki sha maganin ƙarin jini kullum. In ya mayar da bayan gida baƙi, ba illa ba ce. Daga wata na huɗu ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Ki kwana cikin gidan sauro, ki yi allurar rigakafin sandarewar jarirai. Karnen awo, wato katin asibiti, ya zauna wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani.

Sai maganar kunya. Tarbiyya ce mai kyau, amma 'yar fari da ta ɓoye naƙuda tun magariba har asuba don kada a ce ta yi raki ta sa ranta cikin haɗari. Ki koyi faɗin abin da kike ji da sunansa: ina ciwon yake, yaushe ya fara, ɗan yana motsi kamar jiya ko ya rage.

Aikin maigida

Malam, naka huɗu ne, kuma babu mai yi maka su.

Na farko izini. Ka ba da shi tun yau, a gaban mahaifiyarka da wani ɗan'uwanka: duk lokacin da alamar haɗari ta bayyana, a tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan. Wannan ya fi zama dole ga mai tafiya cirani Kano, Agadas ko Libiya, domin salula kan mutu, layi kan ɗauke.

Na biyu kuɗi. Tun wajen 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin awon ciki da na tiyatar haihuwa, amma man mota, abincin masu jinya da wani maganin da ya ƙare a asibiti suna wuyanka. Ka ware jaka kaɗan bayan kaka, ko ka keɓe akuya ɗaya da sunan haihuwar. Matan da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda ya samo asali a yankin Maradi a 1991, suna iya ware wani kaso don irin wannan rana.

Na uku abin hawa. Ka yi magana da mai mota ko mai amalanke tun ciki na wata bakwai, ka samu na biyu ko da na farko ya yi tafiya. Lambarsu, da ta ungozoma, da ta motar asibiti, a rubuta a bangon karne. In garinku na da nisa ko hanya kan yanke da damina, a kai ta wurin dangi kusa da asibiti in watan haihuwa ya kama.

Na huɗu jini. Ka shirya mutum biyu ko uku masu lafiya da suka yarda su ba da jini, su bi ku in an tura ta asibitin uwa da yaro na Zinder. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji. Jiki na mayar da shi.

Aikin uwar miji da ungozomar gari

Iya, maganarki ta fi ta kowa nauyi a gidan, don haka ke ce mai tsaron lokaci. Ki lura da sa'ar da naƙuda ta fara. In ta fara da asuba har rana ta faɗi ba a sauka ba, wato awa goma sha biyu, an shiga doguwar naƙuda, wadda ke jawo mutuwar jariri da yoyon fitsari. Wannan lissafi na wadda haihuwa ta rutsa a gida ne. Abin da ya fi shi ne a kama hanya tun ciwon farko. Ki hana a danna mata ciki, ki hana yankan gishiri, ki hana jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda, domin suna iya fasa mahaifa. Addu'a kuwa a yi ta, ana yi ana tafiya. Ungozomar gari, wadda mata suka saba da hannunta, babban aikinta yanzu shi ne ta gane haɗari, ta rako mace, ta zauna kusa da ita.

Alamomin da kowa zai haddace

A karanta waɗannan a tsakar gida har yara manya su iya su. Jini, ko kaɗan ne, a kowane watan ciki. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa. Jijjiga ko suma. Zazzaɓi mai zafi. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa. Faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba. Ɗa ya daina motsi. Hannu, ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa. Numfashi sama-sama. Ɗaya daga cikinsu ta isa a tashi, dare ko rana.

In jijjiga ta kama ta, ba iska ba ce, hawan jini ne, kuma asibiti na da allurarsa. A kwantar da ita a gefen hagu, a janye abin da zai ji mata ciwo, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a turara mata hayaƙi. A ɗauke ta a kwance.

Zubar jini bayan haihuwa ita ta fi sauri, tana iya kashewa cikin awa biyu. Ma'aunin haɗari shi ne rabin lita, kusan abin da zai jiƙa zane ɗaya sharkaf. Nijar ta yi abin a yaba a nan: tsarin da aka shimfiɗa a asibitocin ƙasar, na ƙwayar misoprostol, da 'yar jakar da ake cika wa ruwa cikin mahaifa, da rigar matse jiki, ya rage mutuwar mata ta wannan hanya da fiye da rabi, kamar yadda mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023. Amma sai an kawo mace da rai ake yi mata wannan. In jini ya ɓalle a gida, mai rakiya ta murza marar mai jego har ta ji mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, a sa ta ta yi fitsari, a lulluɓe ta, a tafi da zannuwan da suka jiƙe don ungozoma ta gani. In mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a kama hanya, kada a ja cibiya. Wadda aka ba ƙwayar misoprostol a wurin awo ta sani ba a shan ta sai ɗa ya fito, an kuma tabbatar babu na biyu a ciki.

Yadda ake magana in an isa

Mutum ɗaya ya yi bayani, karne a hannu, cikin jimla huɗu: cikin wata nawa ne kuma haihuwa ta nawa, me aka gani, tun yaushe, me aka ba ta. A faɗi gaskiya ko da jiƙo ne ko allurar mai kemis, domin da wannan ake zaɓen magani. In an kwantar da ita, mai rakiya ta riƙa ba ta ruwa in an yarda, ta shafa mata baya, ta taimake ta ta zagaya. In ta ga abin da ya canza, ta je ta faɗa da ladabi kuma a fili: «Malama, jinin ya ƙaru, zane na biyu ke nan, don Allah zo ki duba.» In ba a zo ba ta sake komawa. Iyali na da haƙƙin tambayar sunan magani da dalilin tura su wani asibiti. In an ce a wuce Zinder ko a yi tiyata, kada a tsaya sai an tara dangi.

Bayan an sauka

A yi haƙuri a cika awa ashirin da huɗu a asibiti. A ɗora jariri a ƙirjin uwa, ya kama nono cikin awar farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na farko, kada a zubar. A jinkirta masa wanka zuwa washegari, kada a sa toka ko kashin shanu a cibiya. A koma awo a kwana na uku, da cikin mako na biyu, da bayan arba'in. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko cibiyarsa ta yi ruwa, a kai shi a ranar.

Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka. Likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafi na da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Wadda ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta. Miji da mata kuma su tattauna hutun shekara biyu kafin wani cikin.

Ga ma'aikatan asibiti

Wanda aka yi wa tsawa ranar awo ba zai kira ku ranar haɗari ba. Ku bar mai rakiya ta shigo, ku tambayi sunanta, ku nuna mata da hannu yadda ake murza mara da yadda zane mai rabin lita yake. Ku ware rana ɗaya a wata ta magidanta da surukai, ku gayyato liman da mai gari. Wanda ya kawo mace a makare, a fara ceton ta, nasiha ta biyo baya.

Duk gidan da ke da mai ciki, a zauna cikin makon nan bayan sallar isha'i. A buɗe bangon karne a rubuta suna biyar: mai rakiya, mai ba da izini in maigida ba ya nan, mai abin hawa, da masu ba da jini biyu. A awo na gaba a nuna wa ungozoma ta duba, ta ƙara lambarta a ƙasa. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa.