Darasin Mako: Tiyatar Ɗame Ciki, Gyara Ce Ko Canza Halitta?

Wannan makon mun ɗauko tambayar da iyayenmu mata suka aiko daga Islamiyya. Nan Legas ana ta tallar aikin a waya, 'ya'yanmu na gani, shi ya sa ba za mu yi shiru ba.

Da farko, yaya ake yinsa? Ana sa mutum barci da allura, likita ya tsaga ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya cire fatar da ta yi yawa da kitse, ya ɗinke naman cikin da ya buɗe, sannan ya mayar da cibiya wurinta. Tabon ba ya ɓacewa. Ana yin kamar sati 6 ba a ɗaga abu mai nauyi ba. Ba maganin ƙiba ba ne, kuma wani cikin na iya warware aikin, don haka likitoci ke cewa a bari sai an gama haihuwa.

Hatsarinsa fa? Akwai zubar jini, ruɓewar ciwo, taruwar ruwa ƙarƙashin fata, da gudan jini da kan tafi huhu ya yi kisa. Abin ya fi tsanani ga mai ciwon suga da mai shan taba. Da yawanmu mun tuna Stella Obasanjo, wadda ta rasu a Sifen a watan Oktoba 2005 bayan aikin cire kitse. Kuɗi ba ya kore hatsari.

To, me Shari'a ta ce? Aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i ta sa canza halittar Allah cikin umarnin Shaiɗan. Amma kuma Annabi (SAW) ya ba Arfaja ɗan As'ad izinin sa hancin zinariya bayan an yanke masa nasa a yaƙi. Daga nan malamai suka raba abin biyu. Gusar da cuta ko mayar da gaɓa yadda take ya halatta. Canza lafiyayyen jiki don yayi ko kwaikwayo bai halatta ba. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Malesiya a 2007.

Kenan, wadda fatar cikinta ta zubo har tana yi mata gyambo, ko hanji na turo cibiya, neman magani take yi. Sai dai ta nemi ƙwararren likita mai rajista da hukumar MDCN, a asibiti na gaskiya, kuma a kiyaye al'aura gwargwadon iko.

Mu kuma maza, magana ta dawo kanmu. Cikin nan shi ya ɗauki 'ya'yanmu wata tara-tara. Wanda ke yi wa matarsa gorin tumbi har ta kwanta a yanka ta don tsoron kishiya, ya ji tsoron Allah.

Allah Ya ƙara mana lafiya da wadatar zuci. Wassalam.

Sakataren Masallaci