Kada Tsawon Lamba Ya Firgita Ka

Ɗana, tunda ka fara bin manya daga nan Danchuwa zuwa kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba, za ka riƙa jin ana kiran dubbai da miliyoyi. Kada gabanka ya faɗi. Duk lambar da ta zo maka, fara tambayar me ke raba ta.

Ɗauki 2,520. Sifiri ne a ƙarshenta, don haka biyu da biyar da goma suna raba ta. Haɗa alƙalumanta, za su ba ka 9, ke nan uku da tara sun shiga, shida ma ta biyo su. Ukun ƙarshe, wato 520, takwas ne sau 65, ga takwas da huɗu. Bakwai kuwa sau 360. Ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ɗaya zuwa goma ke rabawa ba saura. In kana son tuna ta, ninka kwanakin mako da kwana talatin na wata, ka sake ninkawa da watanni goma sha biyu. Da abokan ciniki za su tashi da naira 2,520,000, in su bakwai ne kowa 360,000, in su tara ne kowa 280,000, ba mai jin an ƙware shi.

Yanzu ƙara mata ɗaya kacal. Lambobi 48 ne ke raba 2,520, amma 2,521 ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ga su gida ɗaya, hali daban, kamar wa da ƙane.

Malaman hisabi na da sun kasa lambobi kashi uku. Sukan haɗa duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai da ita, kamar 6 da 28 da 496, cikakkiya ce. In ta gaza, tauyayya ce. In ta zarce, mai rara ce, kamar tamu 2,520, wadda jimlarta ta kai 6,840.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi littafi kan tsara lambobi a hatimi. Masu rabon gado kuma, in sumuni da sudusi suka haɗu, sukan kafa asalin mas'ala a kan 24, domin takwas da shida duk suna raba ta. A nan ne hakkin maraya da na matar mamaci ke fita.

Saboda haka ka bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa. In ka raba, ka mayar ka ninka ka ga ko ya dawo daidai. In saura ya rage, ka faɗe shi a gaban kowa kafin a watse. Allah ya yi maka albarka.