Filin Kimiyya: Kwamfutar Da Ke Kiwo Don Neman Magani

'Yan'uwa ɗalibai, magunguna da yawa suna aiki ne idan ƙwayar sinadarinsu, wato molekul, ta shige wani gurbi a jikin furotin ɗin ƙwayar cuta, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Matsalar ita ce wannan mabuɗi yana lanƙwashewa. A ce molekul tana da gaɓa 10, kowace na iya juyawa zuwa matsayi 36. Siffofin da za ta iya ɗauka su ne 36 sau 36 har sau goma. Ko kwamfuta na gwada miliyan ɗaya a daƙiƙa, sai ta haura shekara 100 ba ta gama ba. Mai zazzabin cizon sauro ba zai jira ba.

Dabarar da masana suka ɗauka, mai kiwon jar akuyar Sakkwato ya daɗe da saninta. Ba ya gwada kowace akuya ta duniya. Yana zaɓen masu kyau cikin garkensa su hayayyafa, ya kai sauran Kara. Haka kwamfuta ke yi. Takan fara da garken siffofi da ka, ta auna wadda ta fi zama daram a gurbin, ta zubar da marasa kyau, ta haɗa nagari su haifi sababbi tare da ɗan canji. A maimaita sau dubbai. John Holland na Jami'ar Michigan a Amurka ya fitar da littafi kan haka a 1975.

To, canjin nan ya zama babba ko ƙarami? Nan gizo ke saƙa. In ya yi yawa, sai a tsallake amsar. In ya yi kaɗan, sai a maƙale wuri guda. Ingo Rechenberg, wanda ya fara wannan bincike a Berlin ta Jamus a shekarun 1960, ya kawo ƙa'ida: idan fiye da ɗaya cikin biyar na canje-canjen ya yi nasara, a faɗaɗa taku; in bai kai ba, a rage. Abokin aikinsa Hans-Paul Schwefel ya ƙara gaba, ya sa kowace siffa ta riƙe girman takunta, 'ya'yanta su gada. Taku mai kyau sai ya rayu tare da mai shi, ba tare da mutum ya sa hannu ba. A ganina wannan ya fi komai burgewa a darasin.

Manhajar AutoDock, ta cibiyar Scripps da ke Amurka, tana amfani da dabarar kiwo tun 1998, kuma kyauta ake sauke ta. Sai dai abin da ta bayar hasashe ne kawai, dole a tabbatar a ɗakin gwaji.

Aikin mako: idan gaɓoɓin 3 ne kacal, siffofi nawa ke nan? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin Alhamis.