Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane Ne Matasan Mishan Masu Zuwa Aikin Mako Biyu?

Tambaya: Wata malamar makaranta ta rubuto daga Jos tana cewa: "Da damina nakan ga ayarin samari da 'yanmata Turawa sanye da riga iri ɗaya, a ce 'yan mishan ne daga Amurka. Su yi mako biyu suna fenti da wasa da yara, sai su koma. Wa ke turo su, wa ke biyan kuɗin, kuma ana ƙaruwa da su kuwa? Na yi tambayar ne domin dattawan ikilisiyarmu sun samu wasiƙa daga wata ƙungiya da ke son kawo mana nata matasan baɗi."

Amsa: Abin da ya sa kike ganinsu da damina shi ne makarantun Amurka na dogon hutu daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafi a can. A wannan hutun ne coci-coci ke haɗa matasansu, yawanci 'yan sakandare da 'yan jami'a, a ƙarƙashin faston matasa da wasu iyaye 'yan rakiya, su tafi wata ƙasa na mako ɗaya ko biyu. Waɗanda ke isowa wajenmu kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawansu Meziko da Guwatemala da Honduras da Jamhuriyar Dominika suke zuwa, saboda kusa ne kuma jirgi da araha. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa a wajajen 2005 Amurkawa masu zuwa coci kimanin miliyan 1.6 ne ke irin wannan tafiya a shekara guda.

Sabon abu ne idan aka gwada da mishan ɗin da iyayenmu suka sani. A Disambar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankinmu. Ba a cika shekara ba biyu suka rasu, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan yunƙurin ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga gare ta kuma aka samu ikilisiyar ECWA a 1954. Mutanen wancan zamani sukan zo ne da shirin tsufa a nan, su koyi harshe har su yi fassara da shi, shi ya sa aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Sauƙin tafiya, musamman ta jirgin sama, shi ne ya sauya lissafin. A 1957 wani ɗalibi mai suna George Verwer, bai kai shekara 20 ba, ya loda littattafan bishara na Sifaniyanci a wata tsohuwar mota shi da abokansa biyu, suka yi hutunsu a Meziko suna rabawa. Daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission, a 1970 kuma aka kafa Teen Missions International, mai hedikwata a jihar Fulorida, wadda kan tsare yara mako biyu a sansani, suna kwana a tanti suna koyon jera bulo da aikin kafinta, kafin ta tura su.

Kuɗin kuwa, ba wata gwamnati ko asusun ɓoye ke biya ba. Yaron ne ke nema. Watanni kafin tafiya zai rubuta wa kawunnansa da gwaggonninsa da 'yan cocinsu wasiƙa, ya ce ga inda za shi, a taimaka da addu'a da abin da ya sawwaƙa. Ranar Asabar su taru a harabar coci suna wanke motoci, ko su sayar da kek bayan sujada. Tikitin jirgi kaɗai daga Amurka zuwa Afirka ta Yamma yakan haura dala 1,000, ga biza, ga allurar shawara, ga maganin zazzaɓin cizon sauro, ga masauki da abinci. Ki ninka wannan sau 15 ko 20, gwargwadon yawan 'yan ayarin, sannan ki dubi gwangwanayen fentin da suka shafa.

Nan ne gardamar take, kuma Kiristocin Amurka da kansu suka fi kowa yin ta. Bayan guguwar Mitch ta ɗaiɗaita Honduras a 1998, wani malamin Kwalejin Calvin mai suna Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe zaune a ƙasar, ya bi sawun gidajen da aka sake ginawa. Ya gano ayarin baƙi kan kashe kimanin dala 30,000 su gina gida ɗaya, alhali ƙungiyar Kirista ta 'yan ƙasa na gina irinsa da dala 2,000. Masu gidajen kuma ba su nuna wani bambanci ba tsakanin wanda baƙi suka gina wa da wanda 'yan gari suka gina wa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne su kansu matafiyan. Sun dawo suna cewa rayuwarsu ta canja, amma da aka duba baikon da suke bayarwa daga baya, bai ƙaru da wani abin kirki ba. A 2009 Steve Corbett da Brian Fikkert suka fitar da littafin When Helping Hurts, wanda ya sa coci-coci da yawa suka sake duba yadda suke shirya waɗannan tafiye-tafiye.

Ki kwatanta yadda abin yake daga ɓangaren mai masauki. Tun asuba matan zumunta suna kicin, ana dafa abinci marar yaji, an sayo katan-katan na ruwan gora, an yi hayar bas, janareto na ta ci da mai don kada baƙi su kwana cikin zafi. Fasto ya ajiye ziyarar marasa lafiya ya koma tafinta. A wurin ginin kuma ga magini mai shekara 20 a sana'a yana tsaye yana kallon yarinya 'yar shekara 16 tana jera bulo a karkace, kunya ta hana shi magana, ya bari sai sun tafi ya gyara. Ranar nan kuma ba a ɗauke shi aiki ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidajen marayu. Baƙi na son rungumar yara su ɗauki hoto, yaran su shaƙu da su, bayan kwana goma a yi ta kuka, wani ayarin ya zo a sake. Ƙungiyoyin kare yara sun daɗe suna cewa yawancin yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 an kama Amurkawa goma 'yan Baftis, yawancinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba takardu, daga baya aka gano da yawansu iyayensu na nan. Ga kuma batun tsaro. A Yulin 2007 Taliban ta sace 'yan Koriya ta Kudu 23 da cocinsu ya tura Afganistan, ta kashe biyu. A Oktoban 2021 wani gungun 'yan bindiga a Haiti ya sace mutum 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries, har da ƙananan yara.

Duk da haka ba zan ce ki rufe musu ƙofa ba. Masu cewa gara a aiko da kuɗin kawai sun manta cewa gwaggon nan ta ba da dala 100 ne saboda ɗan ƙanenta za shi, ba don ta san Jos ba. In ba tafiya, kuɗin ma babu. Da yawa daga cikin masu aikin mishan na dogon zango da irin wannan gajeriyar tafiyar suka fara. Kuma zuwan ƙwararre daban yake da zuwan ɗan sakandare. Asibitin Galmi da ke Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar likitocin da ke zuwa na ɗan lokaci, suna shiga cikin tsarin da suka tarar, a ƙarƙashin waɗanda ke wurin shekara da shekaru. A ganina matashin da ya zo shi ne ya fi kowa ƙaruwa, kuma ba laifi ba ne, muddin ba a kira shi mai ceto ba. (Sai dai da wuya ki ji an ba matasanku biza su je su rama ziyarar.)

Game da wasiƙar, dattawa su tuna baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ku ne za ku zaɓi aikin, ba su ba. In gini ne, a ɗauki maginan unguwa a biya su, baƙi su yi musu lebura. A rubuta kuɗin abinci da mota da mai tun kafin su taso, kada kara ta sa ikilisiya ta ci bashi. Kada wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya raba magani, kada a bar baƙo da yara ba malaminsu, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. A gari irin Jos, inda za a je wa'azi da abin da za a faɗa ku ne za ku tsara, domin su za su hau jirgi, ku ne za ku ci gaba da zama da maƙwabtanku Musulmi. Sannan a haɗa kowane baƙo da matashi ɗan gida. 'Yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai sun daɗe suna fita bishara ƙauyuka da kuɗin aljihunsu, suna da abin da za su koya wa baƙin.

Saboda haka, Malama, ki ba dattawa shawara su amsa wasiƙar, su zayyana waɗannan sharuɗɗa, su kuma tambayi ƙungiyar ko za ta dawo wurinku shekara uku a jere. In ta amince, ku yi musu shimfiɗa. In ta ce ita ta riga ta tsara abin da za ta yi muku, ku yi mata godiya ku ce ba baɗi ba.