DARASI: BIYAN KUƊIN MOTA DA WAYA

Manufar darasi: kowane ɗan ƙungiya ya iya biyan kuɗin mota da wayarsa, ya kuma san yadda zai tsare kuɗinsa.

Abin da ya faru

'Yan'uwa manoma, kun tuna a watan Oktoba na 1922 babu wanda... a'a, ba can baya za mu koma ba. A watan Oktoba na 2022 ne Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. A lokacin na tarar da wani manomi a babbar tashar mota ta Sakkwato. Ya sayar da albasarsa, mai saye ya tura masa kuɗin a asusun banki. Amma bai iya turawa ba, 'yan POS kuma ba su da tsaba. Haka ya kwana a tasha, ga kuɗi a asusu, babu na komawa gida. Ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsoffin takardu, abin ya lafa. Tun daga nan direbobi da 'yan kabu-kabu da dama suke karɓar kuɗi ta waya.

A wasu wurare abin ya wuce haka. A Legas, tun 2020 ake shiga manyan motocin gwamnati da katin Cowry. Mutum ya zuba kuɗi a katin, ya ɗora shi a kan na'ura a bakin ƙofa, a cire kuɗin tafiya. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna kuma ya fara sayar da tikiti ta intanet a 2021.

Yadda ake biya

1. A buɗe asusu da sunan mai shi, da lambar wayarsa. Za a nemi lambar BVN ko NIN.
2. Ƙaramar waya ta isa. Bankuna suna da gajeriyar lamba mai farawa da tauraro, ba ta bukatar intanet.
3. A shirya kuɗin mota da na kaya tukuna, kafin a ɗora buhu.
4. A rubuta lambar asusun direba, mai lamba 10. Suna zai fito. A karanta wa direba sunan, sai ya amsa kafin a sa lambar sirri.
5. A jira saƙo ya shigo wayar direba. Kada a goge naka saƙon, shi ne rasit.

Abubuwan lura

Lambar sirri kamar mabuɗin rumbu ce. Ba a ba ɗan kamasho, ba a faɗa wa mai kira da sunan banki. In kuɗi ya fita bai isa ba, kada a sake turawa da gaggawa. A ajiye saƙon, a kai ƙara banki. In kai ne mai karɓa, duba abin da ke asusunka, domin akwai saƙon ƙarya. Banki yana cire 'yan kuɗi a kan turawa, a sa wannan cikin lissafi. A ƙauyuka da yawa sabis yakan ɗauke, saboda haka a riƙe 'yan canji a aljihu kullum.

Aikin ƙungiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A taro mai zuwa kowa ya zo da wayarsa. A zauna biyu-biyu, wanda ya iya da wanda bai iya ba, a tura wa juna naira 100 a mayar. Kada a bar mata da tsofaffi a baya.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ne a ƙungiyarku suke da asusu?
2. Wa zai taimaki waɗanda ba su iya karatu ba, ba tare da ya san lambar sirrinsu ba?
3. In sabis ya ɗauke a tasha, me za ku yi?