Yadda Ake Neman Zaman Taimakon Juna Domin Barin Giya a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Zaman taimakon juna shi ne taron da mutanen da jarabar giya ta kama suke yi a tsakaninsu, inda kowa yake faɗin halin da yake ciki, waɗanda suka daɗe da bari kuma suna riƙe hannun sababbi. Tsarin ya shahara ne da ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa a Akron ta Amurka a 1935, take kuma aiki bisa matakai 12 da ƙa'idar ɓoye sunan mahalarta. A Najeriya an fi samun irin wannan zama a manyan birane kamar Legas da Abuja. A kudancin Katsina kuwa, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, mashayi yakan ɓoye halinsa saboda kunya da tsoron hukuma, ko burkutun dawa yake sha a ƙauye ko giyar leda a bayan tasha, don haka ba a kafa wa zaman allo, ta hannun amintattu ake kai wa gare shi.

Mataki na farko shi ne ganin likita kafin a yanke shan. Wanda ya shekara yana sha kullum, idan ya daina farat ɗaya, yakan fara karkarwa da zufa da rashin barci cikin awa 6 zuwa 24, wani kuma yakan kai ga farfaɗiya ko ruɗewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, abin da kan iya kisa. Ana farawa da babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, daga nan a iya tura mutum sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Mataki na biyu shi ne tambaya a wuraren da masu farfaɗowa suke bi. Ma'aikacin jinya ko jami'in walwala na asibiti ya fi kowa sanin waɗanda aka sallama suna dawowa ganin likita, kuma yana iya haɗa mutum da su idan sun yarda. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara ban da na kame, kuma ya dace a tuntuɓe shi musamman idan giyar ta haɗu da kodin ko tiramol. Limamin unguwa mai riƙe sirri, ko fasto a garuruwan Hausawa Kirista na wajen Malumfashi da Kafur, sau da yawa ya san wanda ya taɓa faɗawa ya fita. Mai waya kuma yana iya shiga tarukan da ƙungiyar Alcoholics Anonymous take yi ta intanet, ko da yake yawancinsu da Turanci ake yi.

Mataki na uku shi ne tantancewa, kuma a nan ya kamata iyali su fi natsuwa. Zama na gaskiya ba ya tsare mutum, ba ya neman kuɗin shiga, ba ya kai magana waje, ba ya kuma hana shan maganin asibiti. Duk inda ake sa mari ko duka da sunan gyaran hali, a guje shi, domin samamen da 'yan sanda suka kai gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina a 2019 ya bayyana irin azabar da aka yi wa ɗaruruwan mutane a cikinsu.

Mataki na huɗu shi ne dagewa da zuwa. Sabon shiga yana iya yin shiru ya saurara, sannan ya zaɓi mutum ɗaya da ya daɗe da bari wanda zai riƙa kira idan sha'awa ta taso, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙara yawan haɗuwa da kaka, lokacin da kuɗin masara da auduga suke shigowa hannu, bukukuwa kuma suke yawaita. Wanda ya koma sha ba a korarsa, ana karɓarsa ya sake farawa.

Idan an bincika ba a samu zama a kusa ba, mutum biyu ko uku sun isa su kafa nasu, su tsayar da rana ɗaya a mako da wuri mai sirri, su ware na mata daban, su kuma sanar da ma'aikacin lafiya ɗaya wanda zai riƙa turo musu masu bukata, ya karɓi duk wanda jikinsa ya rikice.